Hawan Jini Ba Shi Kaɗai Yake Ɓarna Ba

Da yawa daga masu hawan jini, da zarar awo ya sauka ƙasa da 140/90 sai hankalinsu ya kwanta. Amma akwai wasu abubuwa biyu a cikin jini da ke taya hawan jini lalata jijiyoyi: kolestarol da homosistin.

Kolestarol wani nau'in maiƙo ne da hanta ke sarrafawa, kuma jiki na buƙatarsa. Matsalar ita ce nau'in da ake kira LDL, wanda idan ya yi yawa yakan taru a bangon jijiya har hanyar jini ta ƙuntace. Homosistin kuwa sinadari ne da ke samuwa yayin da jiki ke sarrafa furotin, kuma bitamin B6 da B12 da folat ne ke kawar da shi. Rashinsu, ko ciwon ƙoda, ko shan taba, na sa awonsa a jini ya haura 15, iyakar da likitoci suka saba ɗauka. A 1969 ne likitan Amurka Kilmer McCully ya danganta yawansa da lalacewar jijiyoyi.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙarfin jini da homosistin su ke raunana fatar cikin jijiya, maiƙo kuma ya samu wurin maƙalewa. Ƙarshenta ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Sai dai maganin biyun bai zo ɗaya ba. Rage LDL da magungunan statin ya tabbata yana rage ciwon zuciya. Rage homosistin da bitamin kuwa bai hana ciwon zuciya ba a manyan gwaje-gwajen ƙasashen Yamma. Amma a Sin, inda ƙarancin folat ya yawaita, binciken 2015 a kan masu hawan jini 20,702 ya nuna haɗa folik asid, wato wani nau'in folat, da maganin hawan jini na enalapril ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 21 cikin ɗari. Ke nan amfanin ya fi bayyana ga wanda jikinsa ke da ƙarancin.

Saboda haka mai hawan jini ya nemi a auna masa kolestarol. Ya rage kitse da man shanu da soye-soye, ya yawaita wake da gyaɗa da alayyafo, kada kuma a dafe ganye har ya narke, domin zafi na lalata folat. Kifi da ƙwai da nono na ba da B12. Duk wannan ƙari ne. Ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta.