Tsarin Ginin Gidan Ɗan Hausa da ke Kano

1.0 Gabatarwa

Zamanin Sarkin Ingila Edward na Bakwai (1901-1910) shi ne zamanin da Turawa suka kafa mulkinsu a Arewa. Kano ta faɗa hannunsu a 1903, a 1907 kuma Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, wato Maiduguri. A Ingila an san kantuna da bankunan wannan zamani da jan bulo da sassaƙaƙƙen dutse, kuma da yawansu doka ta hana a rushe su. A nan kuwa, hanyar jirgin ƙasa ba ta isa Kano ba sai 1911, don haka siminti da kwano suka yi wuyar samu. Bature, ɗan kasuwa ne ko jami'in gwamnati, dole ya nemi maginin gargajiya. Wannan maƙala za ta dubi fitaccen gini da ya rage daga wannan haɗuwa, wato Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano.

2.0 Mai Gidan

Ɗan Hausa laƙabi ne na Hanns Vischer, haifaffen Suwizalan, wanda ya yi aikin mulki a Borno. A 1906 ya ratsa Sahara daga Tarabulus, ta Murzuk da Bilma, ya dawo Borno. A 1909, zamanin Sarki Abbas, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, ya kuma zauna a wannan gida.

3.0 Sigogin Ginin

Bangon gidan na tubali ne, wato curin ƙasa da ake busarwa a rana, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gindinsa ya fi samansa kauri, wanda shi ne dalilin da ya sa yake ɗaukar bene, yake kuma tsare sanyi a ciki lokacin bazara.

Amma inda gwanintar magina ta fi fitowa shi ne rufi. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, sai dai idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kimanin mita 2, nauyin ƙasa yakan lanƙwasa ta. Maganin wannan shi ne bakan gizo. Magini zai dasa azara a cikin bango, ya ɗora wata a kanta ta zarce ta kaɗan, ya ɗaure, haka daki-daki daga ɓangarori biyu har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Idan bakuna suka gitta juna, shi ne ɗaurin guga. Da wannan dabara aka sami faffaɗan ɗakin da Bature ke so ba tare da ƙarfe ba. Ba sabuwar dabara ba ce, domin Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ta matuƙa a Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19.

To, mene ne baƙo a ginin? Ba benen ba ne, domin fatake Larabawa sun daɗe da benaye a cikin birnin Kano. Baƙon abu shi ne shirin ɗakunan. Gidan Bahaushe zaure ne da tsakar gida da ɗakuna a rarrabe, alhali a nan an harhaɗa su cikin gini guda, ana fita wannan a shiga wancan. Daga waje kuwa, zankwaye da indararo da zanen bango duk na Hausa ne.

4.0 Matsalar Adanawa

Gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, an kuma mayar da shi wurin adana kayan tarihi. Sai dai doka ba ta tare ruwan sama. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe kafin kowace damina, da makuba ta ɓawon ɗorawa, da gyaran indararo. Kuskuren da aka fi yi wa irin waɗannan gine-gine shi ne shafe su da siminti. Simintin yakan tsage, ruwa ya shiga ya rasa mafita, ƙasa ta jiƙe daga ciki, azara ta ruɓe, alhali fuskar bangon tana nan sumul. Wannan barazana ta shafi gidan Rabeh da ke Dikwa ma, ga shi kuma maginan da suka iya ɗaura bakan gizo sai raguwa suke yi.