Hayar gidan bakin ruwa: daga fadamar Ajingi zuwa benayen Ikoyi

A Ajingi, idan aka ce wane ya samu fili a bakin ruwa, kowa ya san noman rani ake nufi: tumatir da albasa da shinkafa, injin ban-ruwa yana kuka tun asuba. Ba wanda zai kawo maganar ɗora gida a wurin. A daminar 2022 ambaliya ta raba ɗaruruwan iyalai da muhallinsu a ƙaramar hukumar, kuma mutumin da ya taɓa kwashe yara cikin dare, ruwa iya gwiwa, ba zai nemi taga mai kallon kogi ba.

Matasan Ajingi da Gaya da Wudil da ke zuwa cirani Legas kuwa sun ga wata duniya daban. Wasunsu gadi suke yi a ƙofar gidajen da ruwa ne ya sa musu tsada. A Ikoyi da Victoria Island da Lekki, gida biyu a bene ɗaya, ɗakuna iri ɗaya, amma wanda barandarsa ke fuskantar ruwa ya fi wanda ke kallon titi kuɗi. A tsibirin Banana, wanda aka samar ta hanyar cike bakin ruwa da yashi, har da dalar Amurka ake faɗin kuɗin haya, duk da cewa naira ce kuɗin ƙasa.

Me ake saye da wannan kuɗi? Iska da kallo, sai kusanci. Ofisoshin manyan bankuna da na kamfanonin mai suna nan kusa, haka gidajen cin abinci da ba sa rufewa sai tsakar dare. Wanda ke zaune a Agege yana aiki a Victoria Island ya san azabar cunkoso a kan gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8. Mai hali yakan biya miliyoyi don kada ya riƙa hawa ta kullum.

Sai dai kuɗin hayar da dillali ya fara faɗa somin-taɓi ne. A al'adar Legas, dillali yakan karɓi kashi 10 cikin ɗari a matsayin la'ada, lauyan da ya rubuta yarjejeniya shi ma ya karɓi kusan haka. Akwai kuɗin ajiya, wanda ake riƙewa ko da ɗan haya zai fasa wani abu, kuma karɓo shi ranar tashi sai an kai ruwa rana. Bayan duk wannan ga kuɗin hidima na shekara-shekara, wanda shi ne ya fi kayar da baƙo. Da shi ake biyan masu gadi da masu shara, a gyara lifta, a kula da tafkin wanka, a tace ruwan sha. Man janareta sau da yawa lissafinsa daban ne, kuma yana hawa duk lokacin da dizal ya tashi. Wato ɗan haya shi ke ɗaukar nauyin wuta da ruwa da tsaro, abubuwan da ya kamata a ce hukuma ta samar.

Doka ma ba ta tsaya masa sosai ba. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA daga cikinta. A unguwannin da haya ta fi tsada, mai gida ne ke da wuƙa da nama.

Ruwan kansa yana da nasa haraji. Iskar teku gishiri gare ta, tana cinye ƙarfen taga da na'urar sanyaya ɗaki da ƙasan mota. A sassa da dama na Lekki ruwan burtsatse ja yake fitowa, yana ɓata farin kaya, sai a koma sayen na tanka. Ga ruwa shimfiɗe iya ganin ido, ga mai gida yana jiran mota ta kawo na wanka. A watan Yulin 2017 ruwan sama ya shanye titunan Lekki da Victoria Island, motoci masu tsada suka nutse a inda aka ajiye su, har aka ga mai kwale-kwale yana tuƙi a kan titi. Ɗan Ajingin da ke gadi a ranar bai ga sabon abu ba.

Ƙyalƙyalin gini ba ya nuna ƙwarinsa. Ranar 1 ga Nuwamban 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi ya rufta, mutum fiye da 40 suka mutu, galibinsu ma'aikata.

Akwai kuma tarihin da dillalai ba sa faɗa. Wani ɓangare na wuraren da ake yayi a yau, a nan unguwar talakawa ta Maroko take, wadda gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe a Yulin 1990, aka tashi mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000. Inda aka sani da Bar Beach, wurin shan iskar kowa da kowa, yanzu birnin Eko Atlantic ne, an cike teku an kuma yi masa katangar duwatsu. A 2022 Amurka ta aza harsashin sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a can.

Kano ma ta taɓa gwada zaman bakin ruwa na alfarma. An gina otal a gefen tafkin Bagauda, da kuma Rock Castle a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 kuma ruwanta ke gangarowa ta Wudil zuwa Haɗejiya. Bagauda a yau reshen makarantar horar da lauyoyi ne. Masu kuɗin Kano har gobe sun fi son Nassarawa GRA, gida mai doguwar katanga, a kan tudu.

Shawara ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da aiki ya kai shi Legas, ya kuma ƙwallafa rai a kan gidan bakin ruwa: ya je ganin gidan a watan Yuni ko Yuli, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ya duba jikin katanga ko akwai shaidar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Ya buɗe famfo ya ga launin ruwan. Ya nemi a rubuta masa kuɗin hidima da na dizal a takarda kafin ya biya ko sisi. Sannan ya ja mai gadi gefe ya tambaye shi yadda daminar bara ta kasance, domin galibi ɗan gida ne, kuma shi ba la'ada yake jira ba.