Jerin da Ke Ƙara Tsawo da Kansa: Darasi Daga Scratch

Ɗalibin da ya shuka ƙwayar wake talatin a gwangwanaye domin gwajin kimiyya ba zai iya faɗin nawa za su tsira ba. Wasu za su ruɓe, wasu kuma ƙwari su cinye su. To, idan yana son na'ura mai ƙwaƙwalwa ta riƙe masa tsawon kowane tsiro, gurbi nawa zai tanada?

Manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, tana da amsa mai sauƙi. A cikinta ba a rubuta wa na'ura umarni da dogayen kalmomi. Tubala masu launi ake jawowa a ɗora wani kan wani, kowane tubali umarni guda. Daga cikin kayan aikinta akwai jeri, wato ma'aji mai gurabe a jere, daga na 1 zuwa na ƙarshe, wanda ba a yanke masa tsawo tun farko.

Ɗalibin zai ƙirƙiri jeri ya sa masa suna "tsawo". Sai ya ɗora tubalin tambaya, na'ura ta nemi tsawon tsiro na farko. A ƙarƙashinsa sai tubalin maimaitawa, mai sharaɗin tsayawa idan amsa ta zama 0. Cikin wannan tubali abu biyu ne kacal: a zuba amsar a ƙarshen jeri, a sake tambaya. Duk zagaye ɗaya jerin zai ƙaru da gurbi ɗaya. In tsiro 17 suka fito, gurabe 17 za a samu. In 26 ne, 26. Sifirin nan alama ce ta kammalawa kawai, ba ya shiga jeri, tunda babu tsiro marar tsawo.

Neman matsakaicin tsawo ma ba ya bukatar ƙidayar mutum. Akwai tubalin da ke faɗin yawan guraben jeri, sai a tara awon duka a raba da shi.

Abin lura a nan shi ne, Scratch ba ta share jeri da kanta. Idan aka sake kunna shirin washegari, sabon awo zai hau kan na jiya, lissafi ya gurɓace ba tare da na'ura ta ce uffan ba. Wannan kuskure ya fi wanda ke tsayar da shiri haɗari, domin sakamakon yakan yi kama da gaskiya. Maganinsa shi ne a fara da tubalin da ke share jerin kakaf.

Scratch tana da iyaka. Fitowarta ta uku, ta 2019, ba ta barin jeri ya wuce gurabe 200,000, kuma shiri ba ya iya haifar da sabon jeri yana cikin aiki. Sai mutum ya ƙirƙira da hannu. Mai son jeri cikin jeri, alal misali awon kowane tsiro mako bayan mako, zai fi samun biyan bukata a Snap!, wadda Jens Mönig da Brian Harvey suka tsara.