Gida Bisa Taya: Tafiyarmu Daga Ƙauyen Alu Zuwa Dajin Yankari

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata tambaya ce da wani yaro ya yi mini a makarantarmu ta allo nan Ƙauyen Alu. An tashi karatun dare, yara suna tatsuniyar gizo da giwa da dorina, sai ya dube ni ya ce, "Malam, wai giwa akwai ta da gaske, ko ita ma irin dodo ce?" 'Yan'uwansa suka fashe da dariya. Ni kuwa ban yi ba, domin daga unguwarmu zuwa gidan namun daji na Audu Bako ba wani nisa, amma yaron ya kai shekara tara ba wanda ya taɓa kai shi. Na kwana ina tunani, watau muna rainon yaran da suka san sunan kowace mota, amma ba su tabbata akwai giwa a duniya ba.

Ana nan sai wani tsohon almajirina, wanda yanzu direba ne yana ɗaukar fasinja a tashar Unguwa Uku, ya zo gaishe ni. Na ba shi labari. Sai ya zaro waya ya nuna mini hotunan wata irin mota da mutanen Amurka da Turai ke yawon buɗe ido da ita. Mota ce mai ɗaki a cikinta, da gado, da murhu, da tankin ruwa, da makewayi. Mutum ya ɗauki iyalinsa ya kama hanya, inda dare ya yi musu nan ne gida. Sau da yawa gandun daji na gwamnati suke nufa. Amurka ita ta fara keɓe irin wannan gandu, watau Yalosuton, a shekarar 1872, inda ruwan zafi ke ɓulɓulowa daga ƙasa yana tsiri sama, yau kuwa suna da manyan gandaye 63. A cikinsu da kewayensu an tanadi matsaya domin waɗannan motoci, wasu da famfo da wutar lantarki da wurin zubar da ƙazanta, a biya kuɗin kwana a tashi da safe.

Na ce masa, "Ai wannan ba baƙon abu ba ne wurin Bahaushe, zango ne aka sa wa taya." Kakanninmu fatake sukan tashi daga Kano su nufi Gwanja da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro, su yi watanni bisa hanya. Gidansu yana bayan jakuna. Ayari yana da madugu, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki mai shirya sauka, har da malami mai rubuta lissafi. Bambancin kawai, su neman abinci ya fitar da su, waɗannan kuwa neman gani. Direba ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, in kai ne malamin ayari, ni ne madugu."

Ba mu da kuɗin irin motarsu, sai muka yi da abin da ke hannu. Ya cire kujerun baya na bas ɗinsa, kafinta ya yi dandamali da katako aka shimfiɗa katifu, ƙarƙashinsa aka jera jarkokin ruwa da buhun shinkafa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Aka ɗaura farantin sola bisa rufi domin fitila da cajin waya, aka naɗe tamfol wanda za a kafa gefen mota in an sauka. Na bi gida gida neman izinin iyaye. Shida suka yarda. Wani uba ya ce, "Malam, ka san halin da hanya take ciki, ba na iya ba da ɗana." Ban ga laifinsa ba, gama ni ma sai da na yi ta tambayar direbobin hanyar kwana da kwanaki kafin na sa rana.

Cikin hunturu muka tashi, bayan sallar asuba. Muka bi ta Wudil muka haye kogi, muka sauka Birnin Kudu da hantsi. A nan akwai duwatsu masu zanen shanu wanda mutanen dā suka yi a jikin kogo, irin na Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da wasu duwatsu waɗanda in an buga su sukan yi ƙara kamar kuge. Yara suka yini suna hawa da sauka. Da dare muka tsaya ƙofar gidan wani malami abokina, bayan an sanar da mai unguwa. Yara suka kwana cikin mota, mu manya ƙarƙashin tamfol, sanyi kuwa bai raga mana ba. Kashegari muka bi ta Ningi muka shiga Bauchi, muka ɗauki hanyar Gombe har Dindima, daga nan muka karya dama zuwa Mainamaji, inda ƙofar dajin take. Daga ƙofa zuwa masaukin Wikki kimanin kilomita 40 ne, daji tsantsa, ba gona ba bukka.

To, ga taƙaitaccen tarihin wurin ga wanda bai sani ba. Yankari yana ƙasar Alkaleri ta Jihar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe shi domin namun daji a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Disamba 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, a 2006 kuma aka mayar wa Jihar Bauchi. Kogin Gaji ya ratsa shi, kuma shi ne ran dajin. Da damina ciyawa takan rufe ko'ina, dabbobi su watsu. Da rani kuwa ƙishirwa takan taro su bakin kogi, shi ya sa masu son gani suke zuwa bayan kaka har zuwa bazara.

A Wikki akwai ɗakunan baƙi na haya, muka kama ɗaya, mota ta zama madafa da rumbu. Ƙasan masaukin akwai maɓuɓɓuga da ke fitowa daga gindin wani dutse, ruwanta garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa 31 a ma'aunin zafi, dare da rana, rani da damina. Yaran da ke gudun wanka a gida saboda sanyi sai da na ɗaga murya kafin su fito. Gadu yana kiwo tsakanin ɗakuna sai ka ce tunkiya. Gwaggon biri kuwa ya koya mana darasi tun ranar farko: wani yaro ya bar ƙofar mota a buɗe, kafin mu waiwaya wani ƙato ya shige ya sungumi ledar burodinmu duka, ya hau bishiya yana ci yana kallonmu.

Ba a shiga daji sai da ɗan rakiya. Da sassafe muka fita da shi. Muka ga gwambaza da mazo, da garken ɓauna daga nesa, da kada kwance bakin ruwa. Zakuna kaɗan suka rage a dajin, ba mu gan su ba. Ranar farko ba giwa, sai kashinta da rassan da ta karya. Yaron nan ya fara kallona da wani irin ido. Rana ta biyu da la'asar, ɗan rakiya ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Sai muka ji itace yana karyewa, sa'an nan suka fito daga kurmi ɗaya bayan ɗaya, manya da 'ya'yansu, suka nufi ruwa. Ba wanda ya ce uffan. Yaron ya riƙe hannun rigata har suka shige, kana ya ce a hankali, "Malam, ashe tana da ɗa."

Yanzu ga abin da ya kamata mai karatu ya tsaya a kai. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta sami giwaye fiye da 300 a Yankari. Daga baya masu kula da dajin suka kimanta saura tsakanin 100 da 150, alhali suna cikin garkuna mafi girma da suka rage a Nijeriya. Masu neman haure sun kashe da yawa, giwa kuwa takan yi wata 22 da ciki, saboda haka abin da aka kashe a dare ɗaya sai a yi shekaru ba a mayar ba. Manoman da ke kewaye su ma suna da kukansu na gaskiya, gama giwa takan cinye gonar mutum cikin dare. A Kure ta ƙasar Nijar, raƙuman dawa sun ragu har 49 a 1996, da aka haɗa kai da mutanen ƙauyuka suka ga amfanin tsaronsu, sai suka haura 600. A 2020 kuma 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ke nan dabba da baƙo duka suna bukatar zaman lafiya.

Kada mu ce abin na Bauchi ne. Mu Kanawa muna da Falgore bisa hanyar Jos, ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, inda Kogin Kano ke bi kafin ya zuba a madatsar Tiga. Ɓarayin shanu sun taɓa mayar da shi maɓoya, har mutane suka riƙa tsoron ratsa shi. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a sa shi cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10. Amma takarda ba ta tsare itace. Buhunan gawayin da ake jibgewa a Tarauni da Gyadi-Gyadi bishiyoyi ne jiya, ni ma da shi ake dafa tuwo a gidana. Ina yaro akwai gonaki da ɗorawa a wajejen nan namu, yau sunan ƙauye kawai ya rage wa Ƙauyen Alu.

Ga tambihi ga wanda ya yi niyyar irin wannan tafiya. Ya tambayi labarin hanya wurin direbobin da ke bin ta kullum, ranar tafiya ma ya sāke tambaya. Kada ya yi tafiyar dare, kada ya kwana a daji ko gefen titi, ya sauka cikin gari da sanin mai unguwa. Ya ɗauki ruwa fiye da yadda yake zato, da tayar safiya, da gidan sauro. Kada a kunna murhu cikin mota a rufe, hayaƙinsa yana kisa. Ya bi maganar ɗan rakiya, kada ya ba biri abinci, ya kwaso ledarsa ya komo da ita. In kuwa Yankari ya yi nisa ga aljihu, gidan namun daji yana nan kusa, Dutsen Dala da Tiga ma suna nan.

Mun komo gida ran kwana biyar lafiya lau. Uban nan da ya hana ɗansa ya zo ya zauna ya ji labari daga bakin yara, da zai tashi ya ce in za a sāke tafiya a sanar da shi, shi ma zai bi. Allah ya kai mu, ya kuma sa mu tarad da giwayen suna nan.