Na'urar EECP da Ciwon Ƙirjin Masu Cutar Zuciya: Abin da Ya Kamata Mai Jinya Ya Sani

Akwai masu cutar zuciya da ko hawa bene ko tafiya zuwa masallaci sai su ji kamar an ɗaure musu ƙirji, zafin ya bi kafaɗa ko hannun hagu ko muƙamuƙi, in sun tsaya sun huta ya lafa. Likitoci na kiran wannan ciwo anjaina. Asalinsa ƙuntatar jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya ne, saboda kitse ya taru a jikinsu, jini ba ya isa yadda ake buƙata. Mafi yawan marasa lafiya kan samu sauƙi da magani, ko da sanya ɗan bututun waya a jijiyar, ko da tiyatar da ake yi wa jini sabuwar hanya. Amma akwai waɗanda duk an gwada, ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko kuma jikinsu ba zai ɗauki tiyata ba. Su ne aka tanadar wa na'urar EECP.

Ba a yanka, ba a allura. Mutum zai kwanta a gado, a naɗa masa maɗaurai masu iska irin na awon hawan jini a sha-raɓa da cinyoyi da ɗuwawu, a liƙa masa wayoyin da ke karanta bugun zuciya. Hikimar ita ce, zuciya tana shan nata jinin ne a ɗan tsakanin bugu da bugu, lokacin da ta saki. A daidai nan na'urar ke hura maɗauran ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ta tura jinin ƙafafu ya koma wajen zuciya. Da zuciya ta zo matsawa kuma, sai iskar ta fice gaba ɗaya, aikin turo jini ya yi mata sauƙi. Cikakken zango shi ne zama 35, awa ɗaya a rana, kwana biyar a mako, har mako bakwai.

Dabarar ba sabuwa ba ce. An faro ta a Amurka, likitocin Sin a birnin Gwanju suka inganta ta, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita a 1995. A wani bincike da aka wallafa a 1999 kan marasa lafiya 139, waɗanda aka yi wa matsi na sosai sun fi samun raguwar tashin ciwo a kan waɗanda aka yi wa matsi mara ƙarfi. Sai dai binciken ƙarami ne, shi ya sa ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Turai ba su sa ta a sahun gaba ba. Matsayinta shi ne abin da za a iya gwadawa idan sauran hanyoyi sun gaza.

Nan ne ya kamata a yi hattara, musamman masu fita Indiya da sauran ƙasashe neman lafiya. Wasu na tallata ta a matsayin madadin tiyata, alhali ba ta kankare kitsen da ya toshe jijiya, kuma babu tabbacin tana hana ciwon zuciya na farat ɗaya ko ƙara tsawon rai. Abin da take yi shi ne rage zafi da ƙara wa mutum juriyar tafiya. Duk wanda ya ce ka ajiye magungunanka saboda ka hau na'ura, ka guje shi.

Ba kowa ne ya dace ya hau ta ba. Tana da haɗari ga mai juna biyu, da mai gudan jini a jijiyar ƙafa, da wanda jijiyoyin ƙafarsa suka toshe sosai, da mai kumburin babbar jijiyar ciki, da wanda ƙofar babbar jijiyar zuciyarsa ke mayar da jini baya, da mai hawan jinin da ya haura 180 bisa 110, da mai saurin zubar jini, da wanda bugun zuciyarsa ya rikice. Ko ga wanda ya dace, takan jawo ciwon ƙafa da baya ko ƙujewar fata.

Saboda haka kafin ka biya ko sisi, bari likitan zuciya ya duba ka, a yi awon bugun zuciya da hotonta, ka tambaye shi ko magani da tiyata sun ƙare a kanka. In an fara, ci gaba da shan magani, ka bar taba, ka kula da suga da hawan jini. Idan kuwa ciwon ƙirji ya taso kana zaune, ko ya ɗauki mintoci bai lafa ba, ga zufa da haki, kada ka jira ranar zamanka na gaba. A garzaya da kai sashen gaggawa na asibiti nan take.