Zuwa Zanzibar: Iska da Teku Ne Ke Tsara Tafiya

Duk wanda ya tashi daga Kano ko Abuja da niyyar hutu a Zanzibar sai ya yada zango a hanya. Yawanci a Addis Ababa ake sauya jirgi, waɗansu kuma su bi ta Nairobi, kafin a sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume, kilomita kaɗan kudu da birnin Zanzibar. Takardu kuwa tun daga gida ake gama su: biza, da katin rigakafin cutar shawara, da inshorar dala 44 da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun 1 ga Oktoba 2024. Ko da yake tsibiran Zanzibar sun haɗe da Tanganyika tun 1964 aka sami Tanzaniya, suna da gwamnatinsu, saboda haka ko daga Dar es Salaam baƙo ya ƙetaro sai an duba fasfonsa.

Wannan ƙetarawar ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Jiragen fito masu gudu na kamfanin Azam Marine, waɗanda ake kira Kilimanjaro, suna cinye tazarar kimanin kilomita 70 cikin sa'a biyu. A bakin tashar akwai 'yan kamasho masu tare baƙo suna karɓe masa jaka, don haka a wuce su a sayi tikiti a ofishin kamfanin. Amma daɗin tafiyar ko wuyarta yana hannun iska. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa, wadda mutanen wurin ke kira kaskazi. Daga Afrilu ta juya ta zama kusi, mai tasowa daga kudu, kuma ta fi ƙarfi, musamman a Yuni da Yuli da Agusta. Dalili shi ne idan ƙasar Asiya ta ɗauki zafi, iskar da ke samanta takan yi sama, ta teku ta kwararo ta cike gurbin. Da sanyi ya shiga sai abin ya koma baya. Wannan juyin ne ya riƙa kawo jiragen fatake daga Oman da Indiya yana mayar da su shekaru aru-aru, har Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mai da fadarsa Zanzibar wajen 1840. A lokacin kusi teku yakan yi tsauri da rana, mai saurin tashin zuciya ya nemi jirgin safe.

Ba tsoro nake son sa wa kowa ba, amma akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Ranar 10 ga Satumba 2011 jirgin Spice Islander ya nutse cikin dare a hanyarsa daga Unguja, babban tsibirin Zanzibar, zuwa tsibirin Pemba, maƙare da mutane da kaya ninkin abin da aka ƙayyade masa, fiye da mutum 1,000 suka mutu ko suka ɓace. A Yulin 2012, tsakiyar kusi, jirgin Skagit ya kife bayan ya baro Dar es Salaam. Mu da muke binne 'yan uwa kusan kowace damina saboda lodin kwale-kwale a kogin Kwara ba sai an yi mana dogon bayani ba. Jirgin da ka ga an cusa masa mutane, bar shi ya tafi, kome arahar kuɗinsa.

Cikin tsohon garin, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ƙafa ce abin hawa, domin yawancin lungunan mota ba ta shiga. Fita ƙauyukan bakin teku kuwa, ko dai tasi, a yi ciniki kafin a shiga, ko daladala, wato ƙananan bas da a-kori-kura masu benci biyu a baya. Lamba 116 ce ke zuwa Nungwi a ƙarshen arewa. Ba ta tashi sai ta cika, kuɗinta kaɗan ne, kuma a cikinta ne baƙo zai zauna da ainihin mutanen tsibirin, masu buhun gawayi da kwandon kifi. Na fi son a gwada ta ko sau ɗaya. Mai son tuƙa kansa ya sani ta hagu ake bi, kuma 'yan sanda na tambayar takardar izinin tuƙi ta Zanzibar. A kuma kula da lissafin lokaci: masu jin Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya a wurinsu.

Gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, wata ne ke iko da shi. Jan da yake yi wa ruwa yana sa teku ya cika ya janye sau biyu a yini, kowace rana kuma lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Janyewar ta fi tsanani a tsayuwar wata da kuma cikarsa. Da yake gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan kan yi nisa har mata su shiga da ƙafa su duba gonakinsu na ciyawar teku, jiragen masunta kuwa su kwanta a kan yashi. Wanda ya biya kuɗin yawon jirgi bai tambayi lokacin cikar ruwa ba, zaman jira zai yi. A Nungwi da Kendwa gaɓar ta fi zurfi, ana iya iyo kusan kowane lokaci. Ko tsibirin Changuu za ka leƙa, inda manyan kunkuru suke, tafiyar rabin sa'a daga birni, ka ce mai jirgi ya nuna maka rigunan ceto, ka ƙirga su da yawan mutanen da ke ciki kafin a kunna inji.