Wa Ya Hana Ƙwan Nuna?

A shekarar 1935 wasu likitocin mata biyu na birnin Shikago a Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, suka ba da rahoton mata bakwai da lalurarsu ta ɗaure musu kai. Jinin al'ada ya ɗauke musu ko yana wasan ɓuya, wasunsu gashi ya tsiro musu irin na maza, haihuwa kuma shiru. Da aka yi musu tiyata sai aka tarar ma'ajiyar ƙwansu ta kumbura, cike da 'yan ƙananan ƙululai. Likitocin suka yanke wani yanki daga jikinta, sai ga al'ada ta dawo. Kowa ya ce an kama mai laifi. Lalurar ce yau ake kira PCOS, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa, akasarinsu ba su ma san suna da ita ba.

Sai dai zancen bai ƙare a nan ba. Da aka duba ƙululan da kyau, sai aka ga ashe ba ƙari ba ne. Ƙwai ne da suka fara girma suka tsaya a hanya, babu wanda ya nuna balle ya fito. Tambaya ta sauya ke nan: wa ya tsayar da su?

Akwai wani sawu da aka bari a baya ba a bi ba. Tun 1921 wasu likitocin Faransa, Achard da Thiers, suka lura da matan da gemu da ciwon suga suka haɗu a jikinsu. Me ya haɗa gemu da suga? Aka yi kusan shekara sittin babu amsa. Sai a 1980, a birnin Memfis, George Burghen da abokan aikinsa suka shayar da masu PCOS ruwan suga, suka auna insulin ɗin jininsu, wato sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka. Suka same shi ya zarce na sauran mata masu nauyi irin nasu. Kuma gwargwadon yawansa, gwargwadon yawan sinadarin maza a jikin mace.

Nan da nan aka ɗora wa ƙiba laifi, domin dama an san tana sa jiki ya daina jin umarnin insulin. Amma a 1989 Andrea Dunaif a New York ta nuna cewa har siraran mata masu PCOS suna da wannan taurin kunne. Ƙiba tana ƙara tsananta shi, amma ba ita kaɗai ke haifar da shi ba.

A nan ne igiyar ta fi ƙullewa. In jiki ba ya jin insulin, ta yaya insulin zai dami ma'ajiyar ƙwai? Ashe ba duka jiki ne ya kurmance ba. Tsoka da kitse ne suka toshe kunne, don haka jiki ya riƙa ninka insulin ko za su ji, ita kuwa ma'ajiyar ƙwai kunnenta garau. Kamar mai shela ne da ya ɗaga murya saboda kurma, sai maƙwabci mai ji ya sha amo. Insulin mai yawa yana zuga ma'ajiyar ƙwai ta fitar da sinadarin maza fiye da kima. Yana kuma hana hanta samar da isasshen furotin da ke ɗaure wannan sinadari a cikin jini. Sinadarin ya yi yawa, kuma babu mai riƙe shi: ga gashin haɓa, ga ƙurajen fuska, ga ƙwan da ya ƙi nuna. Baƙin nan mai kauri da ke fitowa a bayan wuya da hammata, wanda ake ta dirza da soso ana zaton dauɗa ce, shi ma sau da yawa sawun insulin ne.

Saura gwaji. In wannan bayani gaskiya ne, to saukar da insulin ya kamata ya saki ƙwan ba tare da wuƙa ba. A asibitin St Mary's da ke Landan, tawagar Stephen Franks ta sa mata 24 masu ƙiba da PCOS a kan abincin kalori 1,000 a rana na wata shida zuwa bakwai, aka buga sakamakon a 1992. Goma sha uku suka rage fiye da kashi biyar cikin ɗari na nauyinsu. A cikinsu 11 ne ke fama da rikicin al'ada, tara suka ga sauyi, biyar ma ciki suka ɗauka. Insulin ɗinsu ya sauka, furotin ɗin hanta ya hau. A 1994 aka gwada maganin suga metformin a Benezuwela, shi ma ya saukar da insulin da sinadarin maza tare. Shaidu biyu, magana ɗaya.

A ganina kashi biyar ɗin nan shi ne abin riƙewa, ba kalori 1,000 ba. Mace mai kilo 90, kilo huɗu da rabi ke nan. Wancan tsattsauran abinci a gaban likitoci aka yi shi. Ƙa'idar kula da PCOS ta duniya, wadda Jami'ar Monash ta Ostareliya ta jagoranta, a 2018 ta ambaci rage kalori 500 zuwa 750 a rana ga mai nauyin da ya wuce kima, ta kuma ce babu wani salon abinci da aka tabbatar ya fi sauran. Ta ja kunne cewa masu wannan lalura sun fi faɗawa rikicin cin abinci, a wuni da yunwa a kwana da haɗama. Siririya kuwa ba rama take bukata ba, sai motsa jiki da gyara abin da ke kwanonta.

A gidajenmu wannan ba ya wuce rage malmalar tuwo, barin lemon kwalba da shayi mai suga cokali uku, ƙara wake da ganye irin su zogale da rama, da tafiya a ƙafa. 'Yar'uwa, in al'adarki na tsallake watanni, kafin a ce miki namijin dare ne ko a miƙo miki shayin rage ƙiba, je asibiti a auna miki suga da sinadaran jiki, a kuma yi hoton mara.